Makin Mai Gadi

Ni Tasi'u, shekara tara ke nan
ina gadin layin atamfa a Kantin Kwari.
In kowa ya ja ƙofa ya nufi gida,
ni da tocila da gora, mu uku, sai safiya.

Gari ya waye, kwaɗo na nan a kulle,
ba mai cewa sannu.
Alhaji Mudi ya ƙirga dilolinsa, ya yi hamma,
ya shige ciki ya ba ni baya.

Sagiru, yaron shagonsa, shi ya jefa ni a fantasi.
Ya ce, "Baba, ga kuɗin bogi miliyan ɗari,
sayi 'yan ƙwallo goma sha biyar.
Duk abin da suka shuka a Ingila ran Asabar,
maki ne, zai faɗo maka nan cikin waya."

Mu goma sha biyu ne a rukunin.
Kowa ya zube jarinsa kan masu zura ƙwallo,
masu rawa a bakin tuta, masu tuɓe riga.
Ni na sa tabarau na bi dokar sau uku
har na iske layin da ya tsayar min da zuciya:

ɗan baya in ya cika awa guda a fili
ba a taɓa ragarsu ba, maki huɗu.
Huɗu! Don ba abin da ya faru.
Ashe akwai inda ake biyan ladan shiru a duniya.

Gola ya kaɗe uku, ɗaya nasa,
ya cafke fenariti, biyar cif.
Wanda ya tare, ya ƙwace, ya share, ya sa ƙirji,
in an ƙirga masa goma a ba shi biyu,
ko an ci su, ba a jefa guminsa rijiya.

Sai na jera biyar a baya kamar buhunan siminti.
A gidan kallon Gambo da ke Fagge
Sagiru ya leƙa wayata ya kwashe:
"Baba ya gina katanga ya manta ƙofa!"
Har mai rake sai da ya yi dariya.

Ban ce kullum daɗi ba.
Akwai Lahadin da na riƙe sha biyu a tafin hannu,
mutum uku daga ƙungiya ɗaya,
har minti casa'in da uku.
Janareta ya yi tari, hoto ya ɗauke,
kafin ya dawo an buga kwana,
ƙwallo ta goge ƙeyar wani ta shige.
Na taka daga Fagge har Kwari
ban ce wa kowa uffan ba a hanya.

Na san ciwon.
Daren da na gyangyaɗa, minti biyar, ba ƙari,
aka zare bandir shida ta rufin kwano.
Darare dubu da na tsaya ba wanda ya tuna,
wancan ɗayan ake ba da labarinsa har jiya.

Yanzu damina ta tsaya, ni ne na uku a tebur.
Ba na ɗaya ba, kar in yi muku ƙarya.

Sagiru na tara. Kyaftin ɗinsa mai tsada
mako huɗu yana harbin tsuntsaye.
Shekaranjiya ya kawo min shayi da kansa,
ya tsuguna, ya yi ta sosa wuya:
"Baba, wannan dogon, mai lamba biyar,
kana ganin in saya?"

Ƙarfe uku na dare. Ɓera ya gifta.
Na zaga layi, na girgiza kowane kwaɗo,
ashirin da bakwai, duk suna nan.
Ba allo, ba alƙali, ba mai tafi.
Na koma benci na kurɓi shayin da ya huce,
na ce, Tasi'u, huɗu naka, in ka kai asuba lafiya.